Kwalba, raga da ƙwauri: ma'aikatan bakin kogi da suka kori makanta

A ranar 30 ga Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta kawar da cutar makantar kogi, ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kai wannan matsayi. An yaba wa likitoci da magani da masu ba da kuɗi, kuma sun cancanta. Sai dai asalin nasarar yana komawa shekaru hamsin baya, ga mutanen da sana'arsu ita ce zuwa bakin kogi su ɗebo abin da ke cikinsa, su ƙirga, su rubuta.

Wata tsutsa ce ke haddasa cutar, wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda kuma yake yaɗa ta ta hanyar cizo. Uwar tsutsar takan yi shekara goma zuwa goma sha biyar a ƙarƙashin fatar mutum tana haihuwa. 'Ya'yanta su ke jawo ƙaiƙayi mai hana barci, idan kuma suka taru a ido suka mutu sai gani ya tafi. Shi ƙudan yana yin ƙwai ne inda ruwa ke gudu da ƙarfi bisa duwatsu. Saboda haka ƙauyukan da suka fi kusa da ƙasa mai albarka su suka fi yawan makafi. A kwarin kogin Volta mutane sun yi ta barin fadama suna komawa tudu mai tsakuwa, inda ake ganin yaro riƙe da sanda yana yi wa mahaifinsa jagora.

A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa shirin yaƙi da cutar, hedikwatarsa a Wagadugu. Ƙasashe bakwai ya fara da su: Burkina Faso, Mali, Nijar, Ghana, Togo, Benin da Kwaddibuwa. A 1986 aka ƙara Gini, Gini Bisau, Senegal da Saliyo. A lokacin babu maganin da za a iya raba wa jama'a da yawa ba tare da haɗari ba, don haka aka nufi ƙudan. Jirage masu saukar ungulu za su riƙa zuba maganin ƙwari mai suna temefos a koguna kowane mako, domin 'ya'yan ƙudan kan girma cikin kwana goma ko ƙasa da haka. Za kuma a ci gaba da yi har tsutsotsin da ke jikin mutane su mutu don tsufa.

Ga inda matsalar take. Zuba guba mako-mako, shekara da shekaru, a ruwan da miliyoyin mutane ke sha, suke kuma kamun kifi a ciki, yana iya zama garin neman gira a rasa ido. Duniya ta riga ta ga ɓarnar DDT, maganin da aka gwada kan wannan ƙuda a kogunan tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, tun shekarun 1950. Don haka aka kafa kwamitin masana mai zaman kansa da zai sa ido kan lafiyar koguna, shi kuwa kwamitin ba shi da ido sai na ma'aikatan da ke bakin ruwa.

Na farko shi ne mai karanta ma'aunin ruwa. Yawan maganin da matuƙi zai zuba ya dogara ne da yawan ruwan da ke wucewa a ranar. In ya yi kaɗan ƙuda ya tsira, in ya yi yawa kifi ya mutu. Mutum ne ke duba sandar awo da aka kafa a gaɓa, a aika da lambar ta rediyo. Sai daga baya aka sa na'urori masu aika awon ta tauraron ɗan'adam.

Na biyu shi ne mai ɗibar samfuri. Yakan shiga ruwa da ƙaramar raga, ya kankare ƙwarin da ke manne da dutse a wani fili da aka auna, ya zuba su a kwalba, ya rubuta wuri da rana. Yakan kuma kafa raga ya tari abin da ruwa ke kwasowa, da rana da kuma da dare. Hikimar ita ce ƙananan halittun kogi sun fi sakin jiki su bi ruwa cikin duhu. Idan aka gan su da yawa a raga da rana tsaka bayan feshi, alama ce magani ya taɓa su. Kifi ma ana kama shi, a auna tsawo da nauyi, a duba ƙwai. Samfuri ɗaya ba ya faɗin komai. Amfaninsa sai an ɗebo a wuri guda, ta hanya guda, shekara bayan shekara.

Na uku shi ne mai kamun ƙuda, kuma jikinsa ne tarkon. Yakan zauna a gaɓa daga ƙarfe bakwai na safe zuwa shida na yamma, su biyu suna karɓa-karɓa, ya naɗe wando, duk ƙudan da ya sauka a ƙwaurinsa ya kife shi da kwalba kafin ya ciza. A ɗakin bincike ake fede ƙudajen a ƙirga masu ɗauke da tsutsa. Ma'ana, yana miƙa fatarsa ga cutar da ake yaƙa domin a san ko tana ja da baya.

A 1980 aka ga amfanin waɗannan alƙaluma, lokacin da ƙudan ya daina jin temefos a kogin Bandama na Kwaddibuwa. Dole aka koma sauya magunguna bi da bi, wasunsu sun fi na farko dafi. Bayanan masu ɗibar samfuri ne suka shata iyaka: mai ƙarfi irin fametirin sai kogi ya cika, kuma na makonni ƙalilan, idan ruwa ya janye sai a koma ga wani da ake samu daga ƙwayar bakteriya, mai sauƙi ga sauran halittu. Shirin, wanda Dakta Ebrahim Samba ɗan Gambiya ya jagoranta daga 1980, ya ƙara samun makami a 1987, da kamfanin Merck ya fara ba da maganin Mectizan kyauta.

An rufe shirin a 2002. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an kare mutum 600,000 daga makanta, an kuma dawo da hekta miliyan 25 ga noma. Masu sa ido sun sami sauye-sauye a ƙwarin ruwa, amma ba su ga ɓacewar kifi ba. Najeriya ba ta cikin wannan shiri, sai wanda ya biyo baya a 1995 mai dogaro da rabon magani, kuma har yanzu tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa katutu. Kafin a tabbatar da cewa wata jiha ta rabu da ita, sai an sake tura mutum bakin kogi ya kamo ƙudaje dubbai an bincika.