Gaggawa da Rushewar Dalili a Shirin Game of Thrones: Duba daga Ƙasar Gobir

Tashar HBO ta Amurka ta nuna Game of Thrones daga 2011 zuwa 2019, zango 8, kashi 73. Da aka kammala, sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke ta intanet, suna neman a sake zango na 8 da wasu marubutan. Uzurin da aka fi kawowa shi ne littattafan George R. R. Martin da aka gina shirin a kansu sun ƙare: na biyar ya fito a 2011, na shida kuwa aka yi ta jira, sai marubutan shirin, David Benioff da D. B. Weiss, suka ci gaba da kansu. Haka ne, amma wannan ya nuna lokacin da ciwon ya fara ne kawai, bai faɗi irin ciwon ba. Abin da ya lalace, a ganina, shi ne igiyar da ke ɗaure sababi da sakamako.

Mai sauraron tatsuniya a Agiye ko Gazawa bai taɓa musun cewa Gizo na magana ba, haka mai kallo ya karɓi dodanni masu aman wuta da matattu masu tafiya. Ƙarya ce da aka yi yarjejeniya a kanta. Sharaɗin ɗaya ne: kada mai labari ya taka dokar da shi da kansa ya kafa. Zangunan farko sun riƙe wannan amana. An fille kan Ned Stark a kashi na 9 saboda gaskiyarsa ta zo da rashin dabara. An yanka ɗansa Robb a wurin biki, a 2013, saboda ya saɓa alkawarin aure. Tafiya daga arewa zuwa fadar sarki tana cin makonni, kuma a kan hanyar ne halayen mutane ke nuna.

Daga 2017 sai aka rage zango daga kashi 10 zuwa 7, sannan 6. Nisa ya daina aiki. Mayaƙa na tsaye a tsakiyar ƙanƙara, ɗan aike ya ruga, hankaka ya kai saƙo, agaji ya iso kamar daga bayan gida. Sarauniya Daenerys ta ƙone birni bayan an kaɗa ƙararrawar miƙa wuya. Masu kare shirin suna cewa an shuka alamun zafin zuciyarta tun da wuri, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai alama daban, rikiɗewar hali a idon mai kallo daban. Abin da ke buƙatar zango guda aka cusa cikin kashi biyu.

Inda raunin ya fi fitowa fili ga mutumin Gidan Rumji shi ne batun sarauta. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Gobirawa suka shafe kusan shekara 30 cikin yaƙi da ƙaura, har bayan yaƙin Gawakuke a 1836, kafin gadon sarautarsu ya zauna a Tibiri. A Maraɗi kuma Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi ne ginshiƙan naɗin sarki, kowane da jama'arsa da buƙatarsa. Wanda ya tashi da wannan tarihi ya san karaga ba ta samuwa da daɗin baki. Amma a kashin ƙarshe, Tyrion, fursuna da mari a hannu, ya yi ɗan jawabi, sai hakimai suka amince Bran, ɗan Ned Stark, ya zama sarki a zama ɗaya. Ƴar'uwarsa Sansa ta ɓalle da arewa a wurin, babu wanda ya ce shi ma a ba shi tasa ƙasar, har Yara, wadda aka riga aka yi wa alkawarin cin gashin kai. Shirin da ya shekara takwas yana koyar da tsadar mulki ya sayar da shi a araha.

Duk da haka zangon ya ci kyautar Emmy ta gwarzon wasan kwaikwayo a 2019. Kuɗi da kayan aiki sun ƙaru, filayen daga sun ƙayatar, ƴan wasa sun yi iya ƙoƙarinsu da abin da aka rubuta musu. Alƙalan sun saka wa wannan ne.