Man sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfuta: yadda ake zaɓensa da shafa shi

A cikin kowace kwamfuta, ta tebur ce ko ta tafi-da-gidanka, akwai wani ɗan maiƙo fari ko mai launin toka da ake shafawa tsakanin firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da ƙarfen da ke kwashe zafinta. A kasuwa an fi saninsa da sunansa na Turanci, tamal fes.

Abin da ake shafawa bai kai nauyin giram ɗaya ba, amma idan ya bushe, ko aka shafa shi ba daidai ba, kwamfutar kan yi nawa, fankarta ta riƙa ƙugi, wani lokaci ma ta mutu ana tsakiyar aiki.

Mene ne aikinsa?

Kusan duk wutar lantarkin da firosesa ke sha, zafi take komawa. Wasu samfuran Pentium 4 da kamfanin Intel ya fitar a shekara ta 2004 sukan fitar da zafin da ya kai wat 115, yayin da Core i9-13900K na shekara ta 2022 kan kai wat 253 idan aiki ya yi yawa. Duk wannan zafi kuwa yana fitowa ne daga ɗan guntun silikon da bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba.

Don haka ne ake ɗora wa firosesa ƙarfen sanyaya, na jan ƙarfe ko na alminiyom, tare da fanka. A ido, bayan firosesa da ƙasan wannan ƙarfe sumul suke, amma a ƙarƙashin madubin ƙara girma cike suke da ƙananan ramuka da tudu. Idan aka haɗa su haka nan, iska ce ke cike ramukan.

Ita kuwa iska ba ta iya isar da zafi ba. A ma'aunin da masana ke amfani da shi wajen auna yadda abu ke isar da zafi, jan ƙarfe yana da kimanin 400, alminiyom sama da 200, iska kuwa 0.026 kacal. Galibin man da ake sayarwa, bisa alƙaluman da kamfanoninsu ke rubutawa, bai wuce 13 ba.

Ke nan man ya fi iska nesa ba kusa ba, amma ko kusa bai kama ƙafar jan ƙarfe ba. Aikinsa shi ne ya kori iska daga ramukan, ba ya zama katifa tsakanin ƙarafan biyu ba. Duk sauran ƙa'idojin shafa shi daga nan suka samo asali.

A shekara ta 2001, shafin Tom's Hardware ya fitar da wani hoton bidiyo da ya yi fice, inda aka cire ƙarfen sanyaya ana cikin aiki: firosesar Athlon ta kamfanin AMD ta ƙone har da hayaƙi cikin 'yan daƙiƙoƙi, Pentium 4 kuwa ta rage gudu ta tsira. Firosesoshin zamani duk suna da wannan kariya. Galibin na Intel kan rage gudu a kusa da digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, samfurin Ryzen 7000 na AMD kuma a digiri 95. Asarar da mai kwamfuta ke yi a yanzu ita ce ta saurin da ya biya kuɗinsa amma ba ya samu.

Ire-irensa

Mafi araha shi ne farin man silikon da aka gauraya da garin tutiya, wanda masu gyaran rediyo da talabijin suka daɗe da sani. Yana aiki, sai dai bai dace da firosesa mai zafi sosai ba.

Na biyu, wanda shi ya fi dacewa da yawancin mutane, shi ne mai launin toka da ba ya ɗaukar lantarki, kamar MX-4 da MX-6 na kamfanin Arctic, da NT-H1 na kamfanin Noctua da ke ƙasar Ostiriya. Ko ya ɗan zuba a gefe ba zai haɗa wuta ba.

Akwai kuma mai garin azurfa, wanda Arctic Silver 5 ya fi shahara a cikinsu tun shekara ta 2003. Kamfanin da ke yin sa ya yi gargaɗin kada ya taɓa ƙafafun firosesa da layukan wutar da ke kan allon na'ura, ya kuma ce yakan ɗauki sa'o'i kusan 200 na aiki kafin ya zauna sosai.

Sai kuma ruwan ƙarfe, wanda haɗi ne na galiyom da indiyom da kuza. Kamfanin Thermal Grizzly na Jamus ya ce nasa samfurin, Conductonaut, ya kai 73 a wancan ma'auni, kuma kamfanin Sony ya yi amfani da ruwan ƙarfe a na'urar wasanni ta PlayStation 5 a shekara ta 2020. To amma ruwan ƙarfe yana ɗaukar lantarki, ɗigo ɗaya na iya kashe kwamfuta, sannan galiyom yana cinye alminiyom har ya ruɓurɓushe. Wannan ba na ɗan koyo ba ne.

A 'yan shekarun nan kuma masu gyaran kwamfutar tafi-da-gidanka sun rungumi PTM7950 na kamfanin Honeywell, wani siririn falle da ke narkewa idan zafi ya kai digiri 45, ya sake daskarewa idan ya huce.

Bai kamata lambar da ke jikin kwali ta ruɗi mai saye ba, domin babu hanya guda da aka amince da ita wajen aunawa, har ma wasu kamfanoni irin su Noctua ba sa rubuta ta. A gwaji, bambancin da ke tsakanin nagartattun samfura bai cika wuce 'yan digiri ƙalilan ba. Jabu ya fi zama abin tsoro, shi ya sa Arctic ya sanya lambar tantancewa a jikin kwalayensa.

Man goge baki da giris na mota, da wasu kan yi dabara da su, ba su da gurbi a nan: na farko ruwa ne ke cikinsa, yakan bushe cikin kwanaki, na biyu kuma ba a yi shi don isar da zafi ba.

Yadda ake shafawa

Da farko a bar kwamfutar ta ɗan yi aiki domin tsohon man ya yi laushi, sannan a kashe ta, a zare wayar wuta, a cire batir idan ta tafi-da-gidanka ce. Wajen ɗaga ƙarfen sanyaya, a ɗan murɗa shi dama da hagu a hankali. Wannan na da muhimmanci musamman ga firosesar AMD mai mazaunin AM4, wadda kan manne da ƙarfen ta fizgo daga mazauninta, ƙafafunta su lanƙwashe.

A goge tsohon man tas daga ɓangarorin biyu da sinadarin aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko fiye, da ƙyalle marar zare, a bari ya bushe. Ba a ɗora sabon mai kan tsoho, ba a kuma taɓa wurin da yatsa bayan gogewa, saboda maiƙon fata.

Idan ƙarfen sanyaya sabo ne, a duba ƙasansa. Wasu na zuwa da man a shafe daga masana'anta, ba sa buƙatar ƙari. Wasu kuma na zuwa da ledar kariya mai garai-garai, wadda manta ta a wurin na daga cikin kurakuran da aka fi yi.

Ga firosesar kwamfutar tebur mai murfi murabba'i, ɗigo ɗaya a tsakiya, kamar girman ƙwayar wake ƙarama, ya wadatar. Matsin ƙarfen ne zai baza shi. Mai doguwar siffa, irin ta Intel mai mazaunin LGA1700 da ta fito a shekara ta 2021, ta fi son ɗan layi a tsaye, ko ɗigo a tsakiya da ƙanana huɗu a kusurwoyi. Manya irin su Threadripper kuwa suna buƙatar ɗigo da yawa.

Kwamfutar tafi-da-gidanka daban ce, domin firosesarta ba ta da murfi, silikon ɗin a fili yake. A nan ana shimfiɗa man siriri ya rufe ko'ina, saboda duk kusurwar da ta rasa shi za ta yi zafi ita kaɗai. Su kuma 'yan katifun roba masu laushi da ke kan sauran sassa a bar su yadda suke, mai ba zai cike gurbinsu ba.

An daɗe ana muhawara kan wace siffa ta fi, ɗigo ko layi ko gicciye, alhali ɗaurin ƙarfen ya fi su tasiri. A ɗora shi a miƙe sau ɗaya, a riƙa ɗaure sukurorin kaɗan-kaɗan daga kusurwa zuwa wadda ke daura da ita, ko a bi lambobin da aka rubuta a jikinsu. Idan aka ɗaga bayan an ɗora, iska ta shiga, sai a goge a sake. Kafin a rufe, a tabbata an mayar da wayar fanka.

Yaushe ake sauyawa?

Nagartaccen mai kan yi shekaru a kwamfutar tebur ba tare da matsala ba. A ta tafi-da-gidanka ya fi saurin lalacewa, domin kumbura da tsukewar ƙarafa, duk lokacin da aka kunna aka kashe, kan tura man gefe sannu a hankali.

Wannan ya shafi masu saye a Najeriya da Nijar, inda kwamfutocin gwanjo da aka yi amfani da su a Turai da Amurka suka cika kasuwa, da yawansu kuma da man da aka shafa musu tun a masana'anta. A biranen Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara kan haura digiri 40, iskar da fanka ke zuƙowa ma da ɗuminta.

Sai dai kafin a zargi man, a duba ƙura. Ƙurar hunturu kan taru ta toshe ƙofofin iskar ƙarfen sanyaya kamar auduga, kuma sabon mai ba zai yi maganin wannan ba. Manhajoji irin su HWiNFO da Core Temp suna nuna zafin firosesa, don haka ana iya aunawa kafin gyara da bayansa. Idan kwamfutar tana cikin wa'adin garanti, ya kamata a karanta sharuɗɗansa kafin a kwance ta.