Daga kuɗin fito zuwa lamba goma: yadda na'urar zuba sabulu ta shiga kundin kwastan

Duk wanda ya shiga asibiti mai zaman kansa, ko otal, ko banki a unguwar Nassarawa GRA bayan watan Afrilun 2020, lokacin da cutar korona ta ɓulla a Kano, ya saba da ganin wani ɗan akwati maƙale a bango kusa da wurin wanke hannu. Mutum ya tara tafinsa a ƙarƙashi, sabulu ya zubo ba tare da ya taɓa komai ba. Akasarin waɗannan na'urori daga ƙetare ake shigo da su, kuma kafin kowace ta kai ga bangon nan sai da wani jami'in kwastan ya yanke hukunci kan ko mece ce ita. Daga wannan hukunci ne ake sanin abin da za a biya. Tarihin yadda aka kai ga irin wannan tambaya ya ratsa ta Nassarawa ɗin kanta.

Zamanin madugu

Karɓar wani abu daga hannun fatake tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro yakan biya garama a garuruwan da ya ratsa, ya kuma biya masu jirgi a bakin kogi. Kalmar fito, wadda asalinta haye ruwa ne, ita ce har yau ake kiran harajin shigo da kaya da ita. A wancan zamani babu rubutaccen jadawali. Madugu ne ke zama da wakilan sarkin gari a daidaita, kuma ƙwarewarsa a ciniki da sanin mutane ita ke rage wa ayari asara.

Kayan Turai ma ba baƙi ba ne. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851, ya tarar da yadin Manchester, da alluran Nuremberg, da ruwan takubban Solingen, da takardar rubutu, duk sun keto Sahara sun sauka a kasuwar Kurmi. Kowane ɗaya daga cikinsu ido na ganinsa ya san sunansa, don haka abin da ake gardama a kai shi ne ƙima.

Turawa a Nassarawa

Bayan sojojin Ingila sun shiga Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, a Nassarawa, inda Sarki ke da gidan shaƙatawa a wajen ganuwa, Turawan mulki suka fara kafa mazauninsu. Gwamnatin Lugard tana cikin ƙarancin kuɗi, sai ta ɗora wa ayarori haraji na kashi 5 cikin ɗari na ƙimar kaya a kowane lardi da suka ratsa, har zuwa larduna uku. Goro da gishiri da kanwa da dabbobi duk sun shiga ciki. Fatake sun koka, kamfanonin Turai ma sun ga abin yana daƙile ciniki, kuma a 1907, bayan tafiyar Lugard, aka soke shi.

Daga nan akalar haraji ta koma bakin teku. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka riƙa zuwa daga Legas bayan an riga an biya musu fito a can. Kudu na samun kuɗi masu yawa daga harajin barasa, wadda aka hana shigo da ita Arewa, ita kuwa Arewa tana dogaro da tallafin baitulmalin Ingila. Wannan giɓi na cikin manyan dalilan haɗe ƙasar a 1914. Hukumar kwastan, wadda take ƙirga asalinta daga 1891, ta ci gaba da aiki da dokar 1958 har zuwa 2023, lokacin da sabuwar doka ta maye gurbinta.

Harshe ɗaya ga kayan duniya

Da masana'antu suka yawaita, sai suna ya zama abin shari'a. A 1893 Kotun Ƙolin Amurka ta zauna kan tumatir, domin dokar ƙasar ta ɗora kashi 10 cikin ɗari a kan kayan lambu, ta bar 'ya'yan itatuwa kyauta. Masu shigo da shi suka kafa hujja da ilimin tsirrai, alƙalai suka bi yadda jama'a ke amfani da shi a girki, suka ce kayan lambu ne.

Kowace ƙasa da nata jerin sunaye, lamarin da ya sa kaya ɗaya ke sauya suna a kowace iyaka. Tsohuwar Majalisar Ƙasashe ta fitar da daftarin bai-ɗaya a Geneva a 1931, aka sake ƙulla wata yarjejeniya a Brussels a 1950, sannan a ranar 1 ga Janairun 1988 tsarin da ake kira HS ya fara aiki ƙarƙashin hukumar da a yau ake kira Hukumar Kwastan ta Duniya. Tsarin ya raba kaya zuwa sassa 21, kowane sashe da babi-babi, kowane babi da rukunai. Jerin ya faro daga dabbobi masu rai a babi na 1, ya ƙare da kayan tarihi da zane-zane a babi na 97. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ƙasashe fiye da 200. ECOWAS ta ƙara huɗu suka zama goma, kuma tun 2015 jadawalinta na bai-ɗaya ke aiki da matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Injuna da ɗanyen kaya galibi suna matakan ƙasa, kayan da aka gama sarrafawa don masu amfani suna sama.

Ina gidan na'urar sabulu?

Idan aka buɗe na'urar, za a ga gangar roba ko ta ƙarfe, da ƙaramin famfo, da ɗan injin lantarki mai aiki da batir, da wani ido mai gane kusantowar hannu. Kowane ɓangare yana jan ta zuwa wani rukuni. Rukuni na 39.24 na kayan gida da na banɗaki ne na roba, 73.24 kuma na kayan tsafta na ƙarfe. Rukuni na 84.13 na famfunan ruwa ne, 84.24 na na'urorin fesawa ko watsa ruwa da gari, 85.09 na kayan aikin gida masu injin lantarki a jikinsu, sai 84.79 da aka tanada wa injunan da ba su sami gida a ko'ina ba.

Tsarin yana da ƙa'idoji shida na fassara, kuma bi da bi ake amfani da su. Ta farko ta ce a fara da lafazin rukuni da bayanan da ke kan babi. Idan kaya ya dace da rukunai biyu, ta uku ta ce a zaɓi wanda ya fi fayyace shi. In hakan bai raba gardama ba, a dubi abin da ya ba shi ainihin siffarsa. In har yanzu an yi kunnen doki, a ɗauki rukunin da lambarsa ta zo ƙarshe. Don haka tambayoyin da ke yanke hukunci ƙanana ne. Sabulun fesowa yake yi ko ɗigowa? Don gida aka ƙera ta ko don asibiti da otal? Da inji take aiki, ko kwalba ce kawai da ake dannawa? Gangar da ba ta da inji kayan banɗaki ce, amma da zarar an sa mata famfo da lantarki, hujjar kai ta babin injuna ta yi ƙarfi.

Bambancin ba na wasa ba ne. Ɗan kasuwar da ya shigo da kayan naira miliyan 20 zai biya miliyan 1 a matakin kashi 5, ko miliyan 4 a matakin kashi 20, kafin a ɗora harajin VAT na kashi 7.5, wanda ake lissafawa har da kuɗin fiton. Akwai kuma wani tarko. Sabulu da garin wanki da aka ƙulla don sayarwa ɗai-ɗai sun daɗe a jerin kayan da Najeriya ta haramta shigo da su, domin kare masana'antun gida. Wanda ya yi odar na'ura haɗe da ledojin sabulun cikinta na iya samun kwantenarsa a tsare a Apapa, kuɗin ajiya yana hauhawa kullum, yana ƙoƙarin gamsar da jami'ai cewa inji ya sayo.

Kanawa sun ga yadda lamba ke zama makamin siyasar tattalin arziki. A 2017 gwamnatin tarayya ta ɗaga harajin markaɗaɗɗen tumatir da masana'antu ke shigowa da shi daga kashi 5 zuwa 50 cikin ɗari, da ƙarin dala 1,500 kan kowane tan, don manoman wurare irin su Kadawa su sami kasuwa.

Abin da ya sauya

Kundin HS yakan yi sabon bugu duk bayan shekara biyar ko shida. Bugun 2022 ya ba jirage marasa matuƙi rukuni na 88.06, ya ware wa wayoyin zamani tasu lambar. Na'urar zuba sabulu ba ta samu layi da sunanta ba, shi ya sa har yanzu sai an bi ta kan ƙa'idoji.

A gida, abubuwa biyu sun matso da lamarin kusa da Kano. A Janairun 2023 aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, domin a riƙa kammala sha'anin kwastan a nan maimakon Legas. A 2024 kuma hukumar kwastan ta soma tsarin yanke hukunci tun kafin kaya su taso, inda ɗan kasuwa zai miƙa bayanin hajarsa a ba shi lambarta a rubuce. Madugun da ya zauna da wakilan sarki kan hanyar Gwanja yana ciniki ne kan nawa za a biya. Jikansa da ke da ofis a Nassarawa ba shi da wannan damar, domin kason a rubuce yake. Abin da ya rage masa shi ne ya san abin da ke cikin akwatin da ya sayo, ya karɓi takardar bayanin ƙira daga masana'antar, ya kuma nemi hukuncin lamba kafin ya buɗe Form M a banki.