Wasiƙar Godiya a Daular Sakkwato

Bahaushe na cewa yaba kyauta tukuici. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda aka riƙa biyan wannan tukuici a rubuce a Daular Sakkwato, tun daga jihadin 1804 har zuwa 1903, da kuma irin nauyin da ke rataye a kansa.

Da daula ta kafu, sai ya zamana tsakanin Sakkwato da wasu ƙasashenta, kamar Adamawa, akwai tafiyar makonni. Don haka mulki ya dogara ga manzo da takarda. A zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817-1837), Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne ke kula da yawancin wasiƙun da ke kai da komowa tsakanin Sakkwato da sarakunan gabas, kuma wannan aiki ya ci gaba a hannun zuriyarsa. Da Larabci ake rubuta wasiƙun, a kan takardar da fatake ke kawowa daga Tarabulus ta Sahara, wadda galibi ƙirar Italiya ce mai tambarin wata uku.

Tsarin wasiƙar sananne ne. Akan buga hatimi, a fara da sunan Allah da salati, a ambaci mai aikawa da wanda aka aika wa tare da laƙabinsa, a jero gaisuwa da yarda da aminci. Sai a ce "amma ba'adu", watau bayan haka, a shiga maƙasudi. Idan ta godiya ce, a nan ake faɗin abin da ya iso, ko dawaki ne, ko riguna, ko bayi, sannan a rufe da addu'a. Sau da yawa ba a sa kwanan wata, abin da ke wahalar da manazarta a yau.

Irin wannan wasiƙa aiki uku take yi. Na farko, ta sauke hakkin godiya wanda addini da al'ada suka ɗora wa wanda aka yi wa alheri. Na biyu, ita ce shaidar cewa kaya sun isa cif, domin da ita manzo zai wanke kansa gaban ubangidansa. Na uku, tana sabunta amana, domin karɓar gaisuwar basarake da gode masa alama ce cewa ba a yi fushi da shi ba.

Daga nan za a fahimci dalilin da ya sa shiru ma ya zama magana. A 1900 Lugga ya aika wa Sarkin Musulmi Abdurrahman takardar shelar mulkin Ingila, bai samu amsa ba. A 1901, bayan ya ci Bida da Kwantagora, ya sake aikawa, nan ma shiru. Ba a gode ba, domin ba a ɗauki abin da ya zo a matsayin alheri ba. Lugga ya riƙe wannan shiru cikin hujjojinsa na yaƙi, kuma aka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Wasiƙun da Turawa suka tarar a gidan Waziri Buhari su ne Backwell ya fassara ya buga a 1927.

Mulki ya sauya, amma salon bai mutu ba. Ya ratsa cikin wasiƙun ajami, ya shiga na boko, musamman bayan kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, wadda ta buɗe wa masu karatu filin wasiƙu. Duk Bahaushen da ya fara takarda da "bayan gaisuwa mai yawa", ya rufe da "haza wassalam", sawun marubutan fadar Sakkwato yake takawa, ko ya sani ko bai sani ba.