Daga Babban Gwani Zuwa Falke Barmu: Tarihin Karrama Magina

Mu nan Anaca idonmu ya saba da bene da bulo da siminti, har yaranmu in sun je gida hutu suka ga soron ƙasa sai su ce ginin talauci ne. Wannan magana ta daɗe tana damuna, shi ya sa na ɗan waiwayi tarihi.

Karrama magini ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya hau gado a 1834, Malam Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya da tubali da azara, ya ɗora tulluwa bisa bakan gizo. Ba a ba shi kofi ko takardar shaida ba. Suna aka ba shi, Babban Gwani, har yau kuwa akwai unguwa mai wannan suna a birnin Zariya. Sarautar Sarkin Magina ma ai lambar yabo ce: shi ke duba aiki, shi ke cewa yaro ya ƙware ko da saura.

Da siminti da kwano suka shigo, sai aka fara juya wa magina baya. Shi kansa masallacin Zariya a shekarun 1970 an rushe wani sashe nasa, aka kewaye sauran da ginin kankare.

To, sai yabo ya zo daga waje. A 1977 Aga Khan ya kafa kyautar fasahar gini don al'ummar Musulmi, ana bayarwa duk shekara uku. A 1986 aka ba masallacin Juma'a na Yama, wani ƙauye a jihar Tawa ta Nijar. Wanda ya gina shi, Falke Barmu, maginin gargajiya ne kuma manomi. Ya fara ginin a 1962 da aikin gayya, wannan ya kawo tubali, wancan ruwa, wani itace. A 1975 ya sake rufin, ya yi masa bakan gizo da tulluwa, daga baya ya ƙara hasumiya huɗu, kowace da siffarta, aka kammala a 1982. Jama'a, mutumin ƙauye ke nan aka jera aikinsa da na masu digiri!

Ba dattawa kaɗai ake dubawa ba. Francis Kéré na Burkina Faso yana ɗalibi a Jamus ya gina wa ƙauyensu Gando makarantar firamare da tubalin ƙasa a 2001. Aga Khan ta ba shi kyauta a 2004, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci Pritzker, babbar kyautar gini ta duniya. Haka Mariam Kamara 'yar Nijar, ita da abokiyar aikinta suka mayar da tsohon masallacin Dandaji laburare, suka gina sabo a gefensa da ƙasar wurin, aikin ya ci lambar Holcim. Nan ƙetaren gada ma, Demas Nwoko na jihar Delta, wanda ya yi karatu a Zariya, an ba shi Zakin Zinariya a Venis ta Italiya a 2023 don aikin da ya yi tsawon rayuwarsa.

Abin lura, duk waɗannan mutane abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu suka riƙe. Mu kuwa fa? Muna karrama mai kuɗin da ya ba da siminti, amma wa ya san sunan maginin da ya ɗora masallacin unguwarmu? Shawarata ga shugabannin ƙungiya, a taron shekara a riƙa kiran dattijon magini guda a yaba masa gaban jama'a, a kuma ɗauki nauyin yaro guda mai basirar zane ya karanci gini. Ba dukkan 'ya'yanmu ne za su gaji rumfar kasuwa ba.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu dace, amin.