Gorar Fito a Fadamar Haɗeja

Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano ya taso, inda ruwan Kogin Kano da na Calawa suka gamu. Idan ya iso Haɗeja sai ya tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ya rarrabu rassa-rassa, ya bazu cikin fadama, har ya haɗu da Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe su nufi Tabkin Cadi. A da, daga watan Agusta zuwa ƙarshen kaka, ruwan nan kan raba gari da gari. Jaki ba shi da amfani, takarkari kuwa sai ya tsaya a gaɓa. Amma kasuwa ba ta jiran ruwa ya janye, ga gero da busasshen kifi da kanwa duk suna bukatar a ƙetare da su.

Mutanen ƙasashen sanyi sun san irin wannan wahala, sai dai tasu ta ƙanƙara ce. Su kan haɗa katako su ɗora kaya, su ɗaura igiya a ƙugu su yi ta ja a bisa ƙanƙarar. Haka wani mutumin Norway, Nansen, ya ƙetare tsibirin Girinlan a 1888 shi da mutum biyar. Dabarar mutanen kogi ita ce gora.

Ba kowace gora ke fito ba. Sai an zaɓi babba wadda ta nuna sosai a jikin duma, a bar ta ta bushe, a fasa baki, a kwashe 'ya'yan. Sa'an nan a nemi itace mai ƙarfi marar nauyi, a ɗaure gora ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan. Wannan ya isa mutum guda da ƙunshinsa. In kayan fatake ne, sai a jera irin wannan biyu ko uku, a ɗaɗɗaure su, a gitta itatuwa a sama. Wurin ɗora kaya a nan gwaninta take, gama in gefe ɗaya ya rinjaya, gora ta sha ruwa, to, shi ke nan. Mai hatsi ya iya shanya abin da ya tsira, amma mai gishiri ba ya ko ganin ƙurar dukiyarsa. Ɗan fito kan shiga ruwa ya ja, wani ya tura daga baya, dabbobi kuwa a kora su su yi iyo. Ba a kan dosi hayi kai tsaye, sai a hau can sama kaɗan, a bar igiyar ruwa ta gangaro da mutum mashigi.

Bature matafiyi Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, da irin wannan ya ƙetare Komadugu a garin Yo a 1851, kan hanyarsa ta zuwa Kanem. Ya rubuta cewa mutanen Barno suna ce da ita makara. Bahaushe dai ba zai so a ce masa ya hau abu mai wannan suna a tsakiyar kogi ba.

Abin da ya kashe kasuwar gora ba ɗaya ba ne. Jirgin ƙasa ya bi ta Malam Madori ya isa Nguru a 1930, fatauci ya juya wajen tasha. Aka giggina gadoji, jiragen katako suka yawaita. Daga baya aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka kuma datse Calawa a 1992, ambaliyar da ta saba zuwa kowace shekara ta ragu, ciyawar kacala ta toshe rassan kogi da dama. Duk da haka ruwan bai daina ɓarna ba, gama a 2018 da 2022 ya ci ƙauyuka da gonaki a ƙasar Haɗeja, mutane suka koma neman abin fito.

Wurin masunta kuwa gora ba ta bar aiki ba. Masunci kan kifa cikinsa a kanta, ya yi tuƙi da hannu da ƙafa, in ya kama kifi ya jefa ta bakinta ya ci gaba da su.