Jarumi Tsakanin Littafi da Majigi

Duk wanda ya zauna da ɗalibai bayan fitowar wani sabon fim na jaruman Amurka, irin su Superman da Batman da Black Panther, ya san gardamar da kan biyo baya. Wani ya ce an ɓata labarin, ba haka yake a littafi ba, wani ya ce ai gyara shi aka yi. Littafin da ake nufi kuwa shi ne ɗan littafin nan na labari cikin zane, inda jaruman suka fara bayyana. Nufina a wannan maƙala shi ne in bi tarihin gardamar, in kwatanta ta da abin da ya faru ga namu jaruman na adabin Hausa, sa'an nan in kawo maganar gida, watau ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum inda na fito, domin a ganina a can ne tambayar take da nauyi.

Bari mu fara da Superman, tun da shi ne kakansu. Wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, su suka ƙago shi, suka sayar wa kamfani a kan dala 130 kacal, ya fito a mujallar Action Comics a 1938. To, mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa Superman na farko ba ya tashi sama. Tsalle yake yi, mai nisa ƙwarai, amma dai tsalle ne. Masu yin fim ɗinsa na zane mai motsi, wanda aka fara a 1941, su suka ga tsallen bai yi kyan gani ba, suka nemi izini ya riƙa shawagi kamar shaho. Koren dutsen nan da ke karya lagonsa, a wasan rediyo aka fara jin sa a 1943, bai shiga littafi ba sai 1949. Haka Batman, da ya fito a 1939 yana riƙe bindiga, yana kisa, daga baya editoci suka hana. Saboda haka in mutum ya ce fim bai bi littafi ba, sai a tambaye shi wane littafi, na wace shekara, domin sau da yawa littafin ne ya bi sawun rediyo da majigi.

Wannan ba ya nufin masu ƙorafi ba su da hujja. A 2013 aka yi fim mai suna Man of Steel, inda Superman ya karya wuyan abokin gabansa Zod. Masu karatu da yawa suka fusata, alhali sun sha haƙura da canjin tufafinsa da na fuskarsa, saboda a wurinsu mutumin da ya fi kowa ƙarfi amma yake kame hannunsa, shi ne Superman. A ɗaya gefen kuma ga Black Panther na 2018. A littafi akwai wani mugu, M'Baku, wanda ya fito a 1969 sanye da fatar farin goggon biri, har ana yi masa laƙabi da mutum-biri. Ryan Coogler, wanda ya shirya fim ɗin, ya yar da laƙabin, ya mai da shi shugaban ƙabila mai mutunci, aka yaba masa, don kowa ya san abin da kiran baƙin mutum biri yake nufi. Akwai kuma Watchmen na 2009, wanda ya bi zanen littafinsa kusan hoto bayan hoto, amma duk da haka marubucin, Alan Moore, ya ƙi yarda a sa sunansa. Af, mai zanen Watchmen ɗin, Dave Gibbons, ya taɓa yi wa 'yan Nijeriya zanen wani jarumi baƙar fata mai suna Powerman tsakanin 1975 da 1977, kafin ya shahara.

Abin da na fahimta daga waɗannan misalai shi ne, masu karatu kan yafe canjin riga da na gari da na zamani, amma ba su cika yafe canjin hali ba, sai in halin dama abin kunya ne.

To, mu juyo gida. In ana neman jarumi mai ƙarfin da ya wuce na 'yan Adam a rubutaccen adabin Hausa, bayan Ganɗoki na Bello Kagara sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951. Iliyan nan asalinsa Barashe ne. Shi ne Ilya Muromets na tsofaffin waƙoƙin baka na Rasha, gurgun da ya shekara talatin da uku a zaune, sai wasu baƙi matafiya suka warkar da shi, ya tashi da ƙarfin da ba a taɓa gani ba, ya tafi ya yi wa sarki Vladimir na birnin Kiyef hidima. Malam Ahmadu ya mai da Vladimir ya zama Waldima, Kiyef ta zama Kib, jarumin Kirista ya zama Musulmi. Shekara biyar bayan haka, a 1956, wani Barashe mai suna Aleksandr Ptushko ya mai da labarin fim a Tarayyar Sobiyet, da rundunoni masu ɗimbin yawa da dodo mai kai uku mai aman wuta. Da fim ɗin ya isa Amurka sai aka rage shi, aka sa masa muryoyin Turanci, aka sake masa suna. Ga tushe ɗaya, ga rassa uku. Wanne ne ya yi biyayya? In ana bin ƙa'idar masu gardamar nan tamu, Malam Ahmadu ne ya fi kowa saɓawa, amma ban taɓa jin Bahaushen da ya karanta littafin ya ce an cuce shi ba. Gurgun da Allah ya ɗaga, ya ƙi amfani da ƙarfinsa wajen zalunci, yana nan daram. Irin wannan aiki ne Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce, inda ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Jamusawa ya sa musu rawani da babbar riga.

Misalin da ya fi kusa da batunmu kuwa shi ne Shaihu Umar, domin shi ya bi matakan nan duka. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi don gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. Sa'an nan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun, aka gabatar da shi a bikin FESTAC na Ikko a 1977. Marubucin bai ga ko ɗaya daga cikin ukun nan ba, tun da an kashe shi a Janairun 1966.

Wanda ya karanta littafin ya san wahalar da ke gaban mai son mai da shi wasa. Mutum ɗaya ne a zaune a Rauta, almajiransa sun tambaye shi asalinsa, yana ba su labari: yadda aka kori Makau mijin uwarsa daga Kagara saboda makircin fadawa, yadda aka sace shi yana yaro, yadda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim a Kano ya tafi da shi Masar, yadda uwarsa ta fita nemansa ita ma ta faɗa bauta har Tarabulus, suka sadu tana gab da cikawa. A littafi jimla guda ta isa ta ƙetare hamada. A majigi dole a nemo raƙuma, dole a sa wa mutane magana a baki wadda Ɓalewa bai rubuta ba. Duk wannan ƙari ne, kuma babu makawa. Abin da fim ɗin ya riƙe, cikin tsawonsa na minti 142, shi ne zaman malami da almajirai a farko, da haƙurin jarumin da bai taɓa zare takobi ba, da kuma abu mai ɗaci, watau cinikin bayi a cikin ƙasarmu da hannun mutanenmu. Da an so a faranta wa baƙin FESTAC rai, da an rufe wannan. A nan ne nake jinjina wa Adamu Halilu.

Sai dai fim ɗin ya ɓace wa jama'a kusan shekara arba'in. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. Duk tsawon wannan lokaci littafin ne ya riƙe Shaihu Umar, yana hannun 'yan makaranta, ana karanta shi don jarrabawa.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ba'amurken da ya ji haushin fim yana da littafinsa a kanta, ya koma ya duba, kamfanin kuma zai sake yin wani fim ɗin bayan 'yan shekaru. Jarumin ma ƙagagge ne, ba shi da jikoki. Mu kuwa a yammacin Zamfara hoto ya daɗe da rigan takarda isa wurin jama'a. Tun zamanin Turawa motar majigi kan zo a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna irin su Baban Larai don koyar da noma. An rufe gidajen silima na jihar da aka ƙaddamar da shari'a a 1999 da 2000, amma bidiyo da wayar hannu suka maye gurbi. Yaro a Gummi ko Bukkuyum yana kallon finafinan ƙetare da aka sa wa muryar Hausa, inda mai fassara kan ƙara nasa barkwanci, kuma abin da ya gani shi ne labarin a wurinsa, ba shi da wani wurin dubawa.

To, a ce gobe wani ya tashi yin fim a kan jaruman Zamfara, kuma lalle za a yi, tun da kasuwa na son labarin sarauta da yaƙi. A ce ya ɗauki 'Yargoje, sarauniyar da tarihin baka ya ce ta mulki Zamfara. Ko ya ɗauki faɗuwar Birnin Zamfara a hannun Babari Sarkin Gobir wajen 1762, abin da ya tarwatsa Zamfarawa, gidan sarauta ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka. Ko ya ɗauki shekarar 1805, lokacin da jama'ar Shehu Usmanu suka zauna a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara, aka fara da ƙawance aka ƙare da faɗa. Wane littafi zai yi wa biyayya? Akwai Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, da Larabci, wanda ya ba da labarin ta fuskar masu jihadi. Akwai tarihin Zamfara da wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya tattara daga bakin mutanen ƙasar, aka buga a Berlin a 1959, da Jamusanci. Mutum nawa ne a fadar Sarkin Zamfaran Anka, ko ta Sarkin Mafaran Gummi, ko ta Sarkin Dankon Bukkuyum, za su iya buɗe shi su ce ga inda mai fim ya kauce? In ya mai da wani sarki matsoraci, ko ya mai da wata jama'a maciya amana don labari ya yi armashi, wannan hoton ne zai zauna a zukatan yara, alhali jikokin waɗanda aka ambata suna raye, suna maƙwabtaka da juna, a yankin da rikici ya riga ya ɗaiɗaita. 'Yancin da na yarda a ba mai fim ɗin Superman, da wanda Malam Ahmadu Ingawa ya ɗauka a kan Iliya, ba zan ba mai fim ɗin Babari shi gaba ɗaya ba. Ya ƙago zance, ya ƙago bara da jakadiya, ya haɗe yaƙi biyu su zama ɗaya, amma wanda ya ci wani, da dalilin faɗan, da halin mutanen, ya bar su yadda madogarai suka kawo, in kuma sun saɓa ya nuna saɓanin.

Shawarata ga wannan ƙungiya tamu ita ce mu riga mai kyamara isa. Mu nemi malaman sashen tarihi da na harsunan Turai a mai da littafin Krieger zuwa Hausa, a buga shi a farashin da ɗalibi zai iya saye. 'Yan'uwa ɗalibai na Anka da Gummi da Bukkuyum kuma, kowa yana da rikoda a aljihunsa yanzu, in an tafi hutu a zauna da makaɗan fada da dattawan da suka san jerin sarakuna, a rubuta sunan gari da ranar da aka ɗauki magana. Da yawa daga cikin dattawan ƙauyuka ma ba sai an shiga daji neman su ba, tashin hankalin 'yan bindiga ya koro su cikin garin Anka.